Tashar Baro: inda dogon Kano ya faro, da abin da ya hana jirgi komawa

Jirgin ƙasa na farko da ya shiga Kano a 1911 ba daga Ikko ya taso ba. Daga Baro ya fito, wani ɗan gari na Nufawa da ke gaɓar Kogin Kwara, a ƙaramar hukumar Agaie ta Jihar Neja ta yau. Da yawa cikin waɗanda suka girma suna jin kukan jirgi a Zariya ko Kano ba su taɓa taka garin ba. Wasu ma ba su san da shi ba sai a watan Janairun 2019, da Shugaba Muhammadu Buhari ya je buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a can. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa kuwa, wadda daga bakinta aka fara ƙidayar mil 356 zuwa Kano, an daɗe rabon da a yanki tikiti a cikinta, ciyawa ta cinye layin.

In maganar Baro ta taso, amsa ɗaya ake bayarwa: sakaci. Gwamnati ta yi watsi da reluwe, na sama sun ci, na ƙasa sun kwance. Duk akwai gaskiya a ciki. Sai dai wannan amsa ba ta faɗa mana abin da ya sa Baro ta fara ja da baya tun Turawa na kan ganiyarsu, shekara guda kacal da isar dogon Kano. Tare da ciwonta aka haifi tashar, kuma wanda bai san ciwon ba zai sake gina irinta ya zauna jiran jirgi.

A farkon ƙarni na 20 babu ƙasa ɗaya mai suna Najeriya. Daga 1906 gwamnatin Turawa biyu ce, ta Kudu mai teku da kuɗin kwastan, da ta Arewa wadda ba ta da ko ɗaya, kullum hannunta a miƙe wajen baitulmalin Ingila. Dogon Kudu ya baro Ikko ya kai Ibadan a 1901, gwamnan can daga 1904, Walter Egerton, yana son ya miƙe da shi har Kano, duk arzikin Arewa ya riƙa fita ta tasharsa. Lugard, shugaban gwamnatin Turawa ta Arewa, bai so haka ba. A ganinsa Allah ya riga ya shimfiɗa hanya kyauta daga teku har tsakiyar ƙasa, wato Kwara, saboda haka abin da ake bukata ɗan layi ne mai arha daga bakin kogi zuwa Kano. Ya ma taɓa gwada ƙaramin irinsa tun 1901, ɗan siririn layin da ya haɗa Zungeru da bakin Kogin Kaduna. A can Ingila kuma masu masaƙu na Lancashire sun ƙosa su rage dogaro da audugar Amurka, ƙungiyarsu ta noman auduga da aka kafa a 1902 ta dage cewa ƙasar Hausa ce za ta cike giɓin. Winston Churchill, yana ƙaramin minista a ofishin ƙasashen mallaka, na cikin waɗanda suka tsaya wa shirin.

Da aka zo yanke hukunci a 1907, sai aka raba gardamar ta hanyar ba kowa abin da ya nema. Arewa ta gina nata daga Baro, Kudu ta ci gaba da nata ta Jebba, su haɗu a hanya. Abin mamaki, kuɗin gina na Arewan ma Kudu ce ta ciyo bashinsa. Kenan tun kafin a haƙa rami ɗaya a Baro an riga an sa hannu a kan layin da zai kwashe mata ciniki.

Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Percy Girouard, injiniyan soja ɗan Kanada da ya gaji Lugard a 1907. Shi ne ya ja dogo cikin hamadar Sudan daga Wadi Halfa a 1897, ya san yadda ake yin abu da sauri kuma da arha. Bai ba ɗan kwangila ba, ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ce ta yi da kanta ƙarƙashin John Eaglesome, a kan ƙiyasin kimanin fam 3,000 kowane mil. Arhar nan a wuyan talakawa ta sauka. Joji ya aika wa sarki, sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya ce wa dagaci ya kawo mutum kaza. Nufawa da Gwari ne suka fara ɗanɗanawa, suna ɗaukar ƙasa a kwando a ka, sannan abin ya hauro ƙasar Zazzau da Kano. Ana biyan su da kuɗin Bature, kuɗin kuma su koma hannun Bature a haraji. Ba kowa ne ya yarda ba: a 1909 mutanen Gussoro a ƙasar Gwari sun yi tawaye har aka kashe wani jami'in Bature da 'yan sandansa, aka turo soja aka murƙushe su. Da aiki ya kusa Kano an yi yinin da aka shimfiɗa fiye da mil shida. Turawa sun yi ta alfahari da wannan lissafin, ba su cika ambaton masu kwandon ba.

Me ya sa Baro, ba Lokoja ko Jebba ba? Saboda ruwa. Daga Baro zuwa sama kogin yana ƙara wahalar bi ga babban jirgi, a Baro kuma akwai ɗan fili a gindin tsauni, ga kwarin Kogin Gbako da layi zai bi ya haura arewa ba tare da hawa mai tsanani ba. Amma alherin Kwara na ɗan lokaci ne. Daga Agusta zuwa wajen Oktoba yana cika har manyan jirage su iso Baro kai tsaye da ƙarafan dogo. Da kaka ta wuce sai ruwa ya ja, yashi ya fito tsibiri-tsibiri, sai ƙananan jirage masu faɗin ciki da kwale-kwale. Buhun da ya taso daga Kano sai an sauke shi daga tarago a Baro, a jibge a sito, 'yan dako su loda shi a jirgin kogi, a sake sauke shi a tashar Burutu kusa da teku, a sake loda shi a jirgin teku. Kowace saukewa kuɗi ce, buhu ya yage, wani ya jiƙe, wani ya yi ƙafa. Ga kuma rashin dace na yanayi: lokacin da amfanin gonar Arewa ke shigowa kasuwa, daga Nuwamba zuwa gaba, shi ne daidai lokacin da kogin ke janyewa.

A 1912 layin Ikko ya haɗu da na Baro a Minna, a shekarar kuma aka haɗe hukumomin reluwen biyu suka zama ɗaya, shekara biyu kafin a haɗe ƙasar kanta. Daga nan lissafi ya canza. Hukumar da ke da layin biyu, in ta kai tan guda Baro kuɗin mil 356 za ta karɓa, sauran ribar ta tafi aljihun kamfanin jiragen kogi. In ta kai shi Ikko kuwa ta ci kuɗin kusan mil 700. Ba sai an yi wa kowa bayanin inda za ta karkata ba. Shinge biyu suka rage wa hanyar Ikko, duka kuma suka faɗi cikin 'yan shekaru. An gyara mashigar tashar Ikko har manyan jiragen teku suka fara shiga a 1914, aka kuma gama gadar Jebba a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, aka daina tsallakar da taragu a kan jirgin fito. A ɗaya ɓangaren yashi yana ta toshe bakin Forcados, ƙofar da Baro ke fita teku ta cikinta.

Audugar da aka yi dogon dominta ma ba ta zo yadda aka zata ba, don masaƙan Kano suna sayenta da tsadar da Bature ba zai iya biya ba. Gyaɗa ce ta zo. Abin da Najeriya ta fitar bai kai tan 3,000 ba a 1912, a 1913 ya haura 19,000. Fatake ma sun zaɓi hanyarsu. Goron Gwanja da a da ake yin watanni ana kawo shi a kan jaki ya koma bin jirgin teku zuwa Ikko, daga nan dogo ya kawo shi Kano, hanyar da irin su Alhassan Dantata suka rungume da wuri. Bahaushen da ya hau jirgi daga Kano, Ikko ya nufa ko Ibadan. In an zo Minna ba shi da dalilin sauka ya jira na Baro. Mil 111 ɗin da ke tsakanin Baro da Minna, wanda shi ne gangar jikin layin a ranar farko, ya koma reshe. Minna kuwa, wadda ƙauyen Gwari ce a kan dutse kafin zuwan dogo, ta zama mahaɗa, ta tara ma'aikata da kasuwa, a 1976 ta zama babban birnin jiha.

Duk da haka reshen bai mutu ba, ya yi shekaru masu yawa yana aiki. Wannan zamani na biyu shi ne mutanen yankin ke kewa, kuma shi ya fi koya mana yadda tashar ƙaramin gari ke rayuwa.

Layin guda ɗaya ne, mai zuwa da mai komowa duk a kansa suke bi. Dole a sami wurare jefi-jefi da aka yi wa layi na biyu a gefe, inda wani jirgi zai raɓe wani ya wuce. Dole kuma a sami mutum a wurin da zai tabbatar gaba babu kowa. Shugaban tasha zai buga waya tasha ta gaba, in an amsa masa sai ya zaro wata sandar ƙarfe daga na'ura ya miƙa wa direba. Muddin sandar nan tana hannun direba, na'urar ba za ta saki wata ba a kowane ɓangare, saboda haka jirgi biyu ba za su haɗu a tsakani ba. Kan jirgi mai aiki da gawayi kuma mashayin ruwa ne, sai an kafa masa tanki da famfo a hanya. Ga mai juya layi da tutarsa da fitilarsa, ga helma da leburorinsa da ke fita da asuba suna bin dogo da guduma suna duba kusoshi, ga akawun kaya da sikelinsa. Waɗannan mutane suna cin albashi a ƙarshen wata a wurin da kuɗi ke wuyar gani. Matansu na sayen itace da kifi, mai tuwo ta kafa rumfa, mai tireda ya buɗe. In jirgi ya tsaya shan ruwa na 'yan mintuna, yara da mata su yi caa a bakin tagogi da faranti a ka, ana miƙa kaya sama ana miƙo kuɗi ƙasa, wani cinikin sai jirgi ya fara motsi ake ƙarasa shi a guje.

A duk wannan ba a ambaci fasinja ba tukuna. Layi ne ke bukatar tashar, kaya ne ke biyan kuɗinta, sai a ƙulla taragon mutane ɗaya ko biyu a bayan taragun kaya tun da dai tafiyar za a yi. Fasinjan ƙaramar tasha kamar yaron da aka ɗora a kan jakin da zai kai hatsi kasuwa ne: ba don shi aka ɗaura mangala ba, ranar da babu hatsi kuma da ƙafa zai je. A reshen Baro hatsin shi ne kayan kamfanonin kogi. Kamfanin Neja na Turawa, wanda ya narke cikin kamfanin UAC a 1929, da kamfanin John Holt suna da jirage da sito a bakin ruwa, suna hauro da gishiri da kananzir da kayan kanti, suna gangarawa da gyaɗa da kaɗanya. A kan hanya ga Katcha da babbar kasuwarta, ga Badeggi wadda ita ce tashar Bida kuma cibiyar shinkafa, inda aka kafa wurin binciken noman shinkafa a 1953. Mai kifi busasshe, ɗan makaranta, mai ƙara a kotun Minna, duk a inuwar wannan kaya suka yi ta hawa da arha.

Sai ginshiƙan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kan jirgi mai shan dizal ya shigo a 1955, shekarar da reluwe ta zama hukuma mai cin gashin kanta, shi kuma ba ya tsayawa neman ruwa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da zirga-zirgar jiragen kamfani a kogin, ba su kuma sake komawa kamar da ba. Fari da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a tsakiyar shekarun 1970 suka rushe dalar Kano, ɗan abin da ya rage masana'antun mai na cikin gida suka shanye. Kuɗin fetur ya zuba a kwalta, tirela ta zo tana ɗauka daga ƙofar sito ta sauke a ƙofar sito. Fasinjojin reluwe a faɗin ƙasa sun haura miliyan 11 a 1964, zuwa 1974 ba su kai miliyan 5 ba. Hukumar da ta kasa riƙe babban layin Ikko zuwa Kano ba reshen da ƙarshensa kogi ne marar jirage za ta tsaya wa ba. A nan ne sakacin da ake faɗa ya shigo, ya tarar da aiki ya kusa ƙarewa ya ƙarasa.

Yanzu a dubi abin da aka yi a zamaninmu. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. Bayan shekara goma aka buɗe tashar ruwan, da dakalin sauke kaya da sito da na'urar ɗaga kwantena. Ranar da aka yanke ƙyallen, hanyar motar da ta taso daga Agaie ta bi Katcha ba ta kammalu ba, dogon kuma yana kwance a cikin daji. Girouard, duk da zaluncin da aka yi wajen aikinsa, ya gane abu guda: bakin ruwa da dogo aiki ɗaya ne, kowanne ba shi da amfani in babu ɗan'uwansa. Mu kuwa mun gina rabi mun yi biki. Yashe kogi ma ba abin da ake yi sau ɗaya a huta ba ne, kowace damina yashi yana dawowa. Ruwan da ke wucewa ta gaban Baro a yau kuma ba na damina kaɗai ba ne. Madatsun Kainji da Jebba suna sama a kan Kwara, na Shiroro da Zungeru suna kan Kogin Kaduna wanda ke zubowa cikinsa kafin a iso Baro. Mai jirgin kaya yana bukatar ya san zurfin da zai tarar a watan Maris, amsar kuma tana hannun masu samar da lantarki.

Masu neman a farfaɗo da layin suna da hujja mai ƙarfi, ba zan rage mata komai ba. Duk wanda ya bi hanyar Lambata zuwa Lapai da Agaie da Bida ya ga jerin tireloli da tankoki da ke niƙe kwalta. A watan Satumban 2024 tankar mai ta yi karo da motar da ta ɗauko mutane da shanu a yankin Agaie, gomman rayuka suka salwanta. A ƙarshen Nuwamban shekarar jirgin ruwa ɗauke da 'yan kasuwa daga Jihar Kogi ya kife a hanyarsa ta zuwa kasuwar Katcha. Matafiya suna nan, kaya suna nan, hanyar da suke bi tana cin rai.

Amma kasancewar matafiya ba ta isa ta riƙe tasha ba. Kilomita 179 na dogo yana son leburori da gadoji da magudanai a ƙasar da ambaliya ke shafewa, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Kuɗin tikitin mai kwandon kifi ba zai biya wannan ba, bai taɓa biya ba ko a zamanin Turawa. Sai an sami kaya mai nauyi da ke tafiya kowane mako, siminti ko taki ko mai ko kwantena, wanda mai shi ya sa hannu cewa ta nan zai riƙa bi. Sannan ga matsalar faɗin layi. Tsohon dogo milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sabon da aka yi daga Abuja zuwa Kaduna a 2016 da wanda ake ja zuwa Kano da Maraɗi 1,435 ne, taragon wannan ba ya hawa wancan. In an gyara reshen Baro a tsohon faɗinsa, darajarsa tana rataye da lafiyar tsohon layin Minna zuwa Kano, wanda aka farfaɗo da shi a ƙarshen 2012 ya sake komawa yau da lafiya gobe babu. In an yi shi da sabon faɗi, zai isa Minna ya tarar babu abin da zai haɗu da shi tukuna. Ko an yi ma, sabon tsari ba ya bukatar mai sanda da mai tanki a kowane ƙauye, don haka garuruwan kan hanya kada su ɗauka rayuwar da za ta dawo irin ta da ce.

Ni a ganina an cakuɗa bukatu biyu da ya kamata a raba. Dawo da jirgi magana ce ta biliyoyi da shekaru, tana jiran kogi da kwangilar kaya da shawarar faɗin layi. Tsare abin da ya rage kuwa ba ya jiran ko ɗaya. Abin da ya saura na gine-ginen reluwe da na kamfanoni a bakin ruwa, da tsaunin da ake kira Empire Hill da ke kallon garin, duk shaidu ne na yadda aka ɗinke Arewa da teku, da na mutanen da aka kwaso daga gonakinsu suka yi aikin. A Ebute Metta da ke Ikko wata ƙungiyar sa-kai ta gyara tsohon gidan reluwe da ake kira Jaekel House ta mai da shi ɗan gidan tarihi, ba ta jira jirgi ba. Rufi da ƙofa da mai gadi ba su fi ƙarfin jiha ba, balle tun 2023 da aka gyara tsarin mulki jihohi suka sami ikon shiga harkar dogo, uzurin cewa abin na tarayya ne ya ragu.

Akwai kuma kadarar da ta fi ginin da ƙarfen tsada, ba a cika maganarta ba: filin da layin ya bi. Ƙarfe in ɓarayi sun yanka sun sayar wa 'yan gwangwan, ana iya sayo wani, dama tsohon ba zai ɗauki jirgin zamani ba. Amma zirin ƙasa mai tsawon kilomita 179 da ya ratsa daga bakin Kwara zuwa Minna, an riga an sare tudu an cike kwari, ba a samun irinsa yau sai da diyya da shari'a na shekaru. Duk gidan da aka gina a kansa a Badeggi ko a gefen Minna, duk shagon da aka kafa, ƙarin kuɗi ne a kan aikin da ba a ma fara ba. Auna filin, da kafa masa duwatsun iyaka, da rubuta shi a taswirar ma'aikatar filaye ta jiha, aikin rani ɗaya ne ga 'yan safiyo.